Maganar Farko ta Cyril Pardy

Rana ta fito a tsibirin bayan an yi makonni cikin hazon teku da yayyafi, har mutane sun fara mance kalar sama.

Kafin hantsi babu gidan da igiyar shanyarsa ba ta cika ba. Tsofaffi suka fito da kujeru ƙofar gida suka miƙe ƙafa. Yara suka yar da rigunan sanyi suna tsere a titi. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga hannu ya ce, "Kun ga rana kuwa?" kamar shi ya kawo ta.

Nadine Pardy tana bayan gidansu tana shanya zannuwan gado, sai hannunta ya tsaya cak.

Waƙa take ji daga kicin. Mahaifiyarta ce, Doreen, take rera wata tsohuwar waƙar coci ƙasa-ƙasa tana soya kullun biredi. Rabon Doreen da waƙa tun kafin teku ta ci Travis, ƙanin Nadine, shekara biyu ke nan.

Nadine ta rungume jiƙaƙƙen zanen a ƙirjinta, idonta ya ciko. Ta lalubo wayarta ta kira lambar da ba ta taɓa kira a cikin gidan nan ba.

"Wade, ka zo yau."

"Kin tabbata?"

"Mama na waƙa. Baba kuma ya kai cokali bakinsa da kansa da safe, ko ɗigo bai zubar ba. In ba yau ba, ban san yaushe ba."

"In suka kore ni fa?"

"Sai su kore mu tare. Shekarata talatin, Wade. Na gaji da haɗuwa da kai a bayan rumbun kifi kamar ɓarauniya."

Ta ji ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "To bari in nemo rigar da ba ta ƙarnin kaguwa. In akwai."

Wade Keeping da Travis tare suka tashi, tare suka sayi ƙaramin jirgin kamun kaguwa. Ranar da abin ya faru, Cyril, mahaifin su Nadine, ya tsaya a bakin gaɓa ya dubi sama ya ce kada su fita. Suka fita. Da yamma jirgin ya dawo da mutum ɗaya. Igiyar tarko ce ta naɗe ƙafar Travis ta ja shi ƙasa, ko gawarsa ba a samu ba.

Ba a jima ba Cyril ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya rufe. Tun daga nan ba a ƙara jin kalma ɗaya daga gare shi ba, ba a kuma ƙara kiran sunan Wade a gidan ba, sai dai a ce "yaron Keeping ɗin nan." Nadine ta bar aikinta a birni ta dawo jinya. Zoben da Wade ya saya mata tun kafin hatsarin yana rataye a wuyanta, can ƙarƙashin riga.

Da rana ta take, suka fito da tebur tsakar ciyawa. Nadine ta turo keken Baba ta gangaren katakon ƙofa, ta juya shi ya fuskanci rana. Ya lumshe ido, ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

"Ku dube shi," in ji Gwaggo Effie, ƙanwar Cyril, wadda gidanta ke manne da nasu. "Kamar kyanwa a bakin murhu. Yaya, ka ga amfanin gangaren nan da Glenn ya yi maka? Da yanzu kana ɗaki kana kallon bango."

Ta juyo kan Nadine tana tsiyaya maɗi a kan soyayyen kullu.

"Ke kuma ki buɗe kunnenki. Namijin da zai bar aikin haƙar mai a can yankin Alberta ya dawo, ya yi kwanaki yana buga katako a ƙofar gidan mutane, ya riƙa kai tsoho asibiti a motarsa bai taɓa ƙosawa ba, ba don lada kaɗai yake yi ba. Ni da ƙafata ba ta ciwo, da tuni na yi wuf da Glenn Tibbo."

Doreen ta yi dariya. Dariya sosai, har da dafe ciki.

A daidai nan ƙyauren shinge ya yi ƙara.

Wade ne tsaye, hula a hannu ɗaya, babban kifi naɗe cikin takarda a ɗayan. Ya sa farar riga wadda ta yi masa kaɗan a kafaɗa, ya taje gashinsa da ruwa.

Dariyar Doreen ta ɗauke kamar an hure fitila. Ta ajiye butar shayi a hankali.

"Barka da rana, Anti Doreen. Barka da rana, Kawu Cyril."

Doreen ta kau da kai.

"Ɓatan hanya ka yi?" Gwaggo Effie ta tambaya. "Gaɓa tana can ƙasa."

"Ni na kira shi," in ji Nadine. Ta tashi ta je ta tsaya kusa da shi. Ta sa hannu a wuyanta ta jawo sarƙar, zoben ya fito fili yana ƙyalli.

Wade ya fuskanci Cyril. "Kawu, na san ba ni da fuskar shigowa gidan nan. Amma na gaji da laɓe-laɓe. Ina son Nadine, ita ma tana sona. Ban zo ɗauke ta daga gare ku ba. Gidana ga shi can, ko kira kuka yi za mu ji. Izininku na zo nema."

Doreen ta dube shi tun daga takalmi har gashi.

"Izini," ta ce a hankali. "Yau ka san izini? Ran da mutumin nan ya tsaya a bakin ruwa ya ce kada ku fita, izinin wa ka nema?"

"Anti…"

"Kada ka ce mini Anti! Ni na yi maka wanka a baho ɗaya da shi. A teburin nan ka ci abinci ka girma. Na ba ka ɗana da safe da ƙafarsa, da yamma ka miƙo mini hularsa. Ko kabarin da zan je in zauna in yi kuka ba ka bar mini ba. Yanzu kuma ka dawo ɗaukar wadda ta rage?"

Hawaye suka wanke wa Nadine fuska. Maganar da ta daɗe tana dannewa ta taso mata, ta kasa riƙe ta.

"Mama, ba Wade ne ya ce a fita ba! Travis ne! Wade ya ce su bi maganar Baba, Travis ya kwance igiya ya ce in tsoro yake ji shi zai tafi shi kaɗai. Binsa ya yi don kada ya tafi shi kaɗai!"

"Nadine, yi shiru," in ji Wade da sauri. "Na ce miki kada ki taɓa faɗa."

"Ka ji ko?" Gwaggo Effie ta tafa hannu. "An ɗora wa wanda ba ya nan. Ai shi ba zai tashi ya ce ƙarya ne ba."

Doreen ta dafe tebur. "Ke da bakinki? Ƙaninki? Saboda namiji?"

Sai suka ji wani sauti, kamar ana jan tsohon ƙyaure.

Duk suka juya.

Cyril ya miƙe wuya daga jikin keken. Fuskarsa ta yi jawur, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa. Idonsa na kan Wade. Bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Fi…"

Ko numfashi babu mai yi.

"Fi…ta."

Gwaggo Effie ta kurma ihu. "Ya yi magana! Doreen, ya yi magana! Allah na gode maka!"

Doreen ta zube a gaban keken ta kama fuskar mijinta da hannu biyu, tana kuka tana dariya. "Cyril! Muryarka ce? Sake faɗa, don Allah sake faɗa in ji!"

"Fita," in ji Cyril, wannan karon tar.

"Sake faɗa!"

"Fita. Fita."

Suna ta sumbatar kansa, shi yana ta maimaitawa, Nadine tana tsaye kamar an dasa ta. Babu daren da ba ta roƙi Allah ya buɗe bakin mahaifinta ba. Ga shi an amsa mata.

Wade ya ɗora kifin a kan ginshiƙin shinge. Idonsa ya kaɗa, amma murmushi yake yi.

"Na ji, Kawu," ya ce. "Na rantse na yi murnar jin muryarka."

Ya sa hularsa, ya ja ƙyauren ya rufe a hankali.

Nadine ta yunƙura za ta bi shi, Doreen ta riƙo hannunta ta ja ta kicin ta tura ƙofa. Ta taga suna jiyo Gwaggo Effie tana ta buga waya gida-gida.

Nadine ta zaci faɗa za a yi mata. Sai ta ga mahaifiyarta ta zauna a kujera ta sunkuyar da kai.

"Kina tsammanin ban sani ba?" in ji Doreen.

Nadine ta matso. "Me kika sani?"

"Ni na haifi Travis. Na san taurin kansa. Tun ranar na san wanda ya kwance igiyar nan."

"Mama! Kin sani, kika bar Wade yana yawo a garin nan kai a ƙasa? Kin san ko kanti ba ya shiga sai ya ga babu kowa?"

"To wa kike so in tsana?" Doreen ta ɗago, hawaye na bin kumatunta. "Faɗa mini. Yaron da ke ƙarƙashin ruwa? In tashi da safe in ce ɗana ne ya kashe kansa, ya kwantar da ubansa? Ba zan iya ba, Nadine. Wade yana da rai, zai iya ɗauka. Ni ba zan iya ba."

"Ni fa? Ni zan iya?"

Doreen ta kamo hannayenta ta riƙe gam.

"'Yar nan, likita ya gaya mana a gabanki, in abin ya sake buge shi ba zai tashi ba. Kin ga yadda fuskarsa ta yi ɗazu. Ni ba wani babban abu nake nema a duniya ba yanzu. Yau na tashi na ga rana a bangon ɗaki. Na ji ƙamshin zanen da ya bushe a waje. Mijina ya ci abinci da hannunsa, ya buɗe baki ya yi magana. Rabon da in ji daɗin shayi a bakina har na manta, yau na ji. Ki bar mini wannan. Don Allah ki bar mini."

"Yau kaɗai, Mama? Ko har abada?"

Doreen ta saki hannunta ta ɗauki tsumma tana goge teburin da babu komai a kansa.

Nadine ta fice ta ƙofar baya, ta gangara gaɓa da gudu.

Ta tarar da Wade a cikin jirginsa yana kwashe kayansa yana zubawa a buhu: takalman ruwa, safar hannu, tsohon kofin shayinsa.

"Me kake yi?"

Bai ɗago ba. "Akwai wani babban jirgin kamun kifi a can yankin Nova Scotia da ya daɗe yana nemana. Kullum ina ce musu su dakata. Ɗazu na kira su. Ɗan kawuna zai riƙe wannan jirgin. Jirgin fito na yamma zan bi."

"Haka kawai? Kalma ɗaya ta kore ka?"

"Ba kalma ɗaya ba ce, Nadine." Ya ajiye buhun ya dube ta. "Mutumin nan shi ya koya mini ɗaurin igiya. Ya yi shekara biyu yana kokawa da harshensa, da ya samu ya motsa, abin da ya fara fitowa ke nan. Kin san tun yaushe take zaune a bakinsa?"

"Mama ta san gaskiya. Yanzu ta gaya mini. Tun farko ta sani."

Ya kalli ruwa. Rana ta kwanta a kansa yana ta walƙiya, tsuntsayen teku na shawagi, wasu yara na tsalle a kan duwatsu suna ihu.

"To kin gani," ya ce. "Da ba su sani ba, da akwai abin jira. Yanzu me zan jira?"

Ta fashe da kuka. Ya hauro ya riƙe kafaɗunta.

"Ni ban taɓa mafarkin wani abin kirki ba. In dawo daga ruwa in hango hayaƙi a gidana. In taka ƙofa ki daka mini tsawa ki ce in cire takalmi. Ran da rana ta fito irin yau mu fito da kujeru mu zauna mu yi gulmar masu wucewa. Shi ke nan fa. Amma a tsibirin nan ba za a bar mu ba. Ki zo mu tafi."

"Wa zai ɗaga Baba? Mama ba ta iya juya shi ita kaɗai."

"Akwai Gwaggo. Akwai ma'aikatan jinya. Akwai…" Ya cije leɓe. "Akwai Glenn."

"Kada ka fara."

"Ban fara komai ba. Mutumin kirki ne, shi ne abin haushin." Ya share mata hawaye da babban yatsansa. "Ba zan ce dole ba. Zan tsaya a bayan jirgi inda za ki gan ni. In kin zo, kin zo. In ba ki zo ba, ba zan taɓa ganin laifinki ba."

Ta koma gida ta ƙofar baya. Ta hau sama, ta zuba abin da hannunta ya kai gare shi a jaka. Ba ta tsaya tunani ba, don ta san in ta tsaya ba za ta tafi ba.

Da ta sauko sai ta ga kicin ya cika da mata, hanyar baya ta toshe. Dole ta bi ta gaba.

Tsakar gidan ba masaka tsinke. Rabin garin ya zo jin muryar Cyril Pardy. An kawo tukwanen miyar kifi, an kawo biredi da kek, wani tsoho ya zo da abin kiɗansa yana matsawa. Wata maƙwabciya tana zagayawa da jaririnta tana nuna wa kowa haƙorinsa na farko. Limamin coci ya tuɓe kwat ya nannaɗe hannun riga. Doreen tana tsakiya, fuskarta a kumbure, tana dariya.

Nadine ta ɓoye jakar a bayanta ta bi gefen bango.

"Na…"

Ƙafarta ta tsaya.

"Na…dine."

Kiɗan ya tsaya. Mutane suka dare.

Sunanta. Da muryar da take kiranta da ita tun tana ƙarama in ta daɗe a bakin ruwa. Ba ta san lokacin da ta isa gaban keken ta durƙusa ba. Jakar ta faɗi a ciyawa.

Idon Cyril ya sauka a kan jakar, ya dawo kan fuskarta. Hannunsa mai lafiya ya miƙo ya damƙi wuyan hannunta, da irin ƙarfin da yake jan koma a da.

"Zau…na."

"Kun ji!" Gwaggo Effie ta rangaɗa guɗa. "Ta uku ke nan! Yana cewa ki zauna, ku ba ta kujera!"

Aka tafa, aka yi sowa, mai kiɗa ya ci gaba. Amma Nadine ta ga hawayen da ke gangarowa ta shanyayyen ɓarin fuskarsa. Ta san ba zaman kujera yake nufi ba.

Wani ya tsuguna a gefenta ya ɗauki jakar. Glenn Tibbo ne, dogo, mai sanyin magana, da ɗan tabon ƙuna a haɓarsa. Ya yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji.

"Na ga Wade a hanya da buhunsa. Na rage masa hanya zuwa tashar fito."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kin san abin da ke raina, ban taɓa ɓoyewa ba," ya ce. "Amma ba na son matar da za ta zauna da ni tana kallon teku. Motata tana ƙofa a kunne. In muka tashi yanzu za mu same shi. Baba kuma ni zan riƙa ɗaga shi safe da yamma, ko kina nan ko ba kya nan."

"Me ya sa za ka yi mini haka?" ta ce cikin kuka. "Me ya sa ba za ka zama mugu ba, in huta?"

"Na gwada," in ji Glenn. "Ban iya ba."

Ta dubi hannun da ke riƙe da ita. Fatar ta saki, amma yatsun ba su sassauta ba. Ta ɗora nata hannun a kai, ta kama ɗan yatsansa na farko za ta ɓamɓare.

Cyril ya dube ta.

Ta saki yatsan. Ta kifa goshinta a gwiwarsa, kafaɗunta na jijjiga. Mutane suka ce kukan murna ne, wata ma ta shafa bayanta ta ce, "Yi abinki, 'yar nan, yau ranar farin ciki ce."

"Glenn," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Je ka kashe motar."

Ya miƙe tsaye da jakarta a hannu. Ya dubi tsohon, ya dubi Doreen, ya dubi hanyar da ta haura tudu zuwa tashar fito.

Ya je ya buɗe motar, ya ajiye jakar a kujerar gaba, ya bar ƙofar a buɗe. Sannan ya jingina da shinge ya harɗe hannu.

Bai kashe motar ba.